Idan Bature Ya Daina Zuwa Yankari, Wa Zai Je?

A daminar bara, a gidanmu da ke Agege, ɗana na uku ya tashi daga wani zazzaɓi da ya kwantar da shi kusan mako biyu, kuma ranar da ya fara cin tuwo da hannunsa sai mahaifiyata ta dafa kansa tana yi masa kirari, tana cewa, “Gwanki sha bara!” Yaron haifaffen Legas ne, Hausa da Yarbanci da Turancin kasuwa duk a bakinsa suke, sai ya ɗago ya ce, “Hajiya, mene ne gwanki?” Ta ce ya tambayi ubansa. Na ce masa naman daji ne mai ƙirar doki, sai dai yana da ƙaho, sannan na yi maza na sako wata maganar, domin ni kaina da na haura shekara arba'in ban taɓa sa gwanki a idona ba. Hajiya kuwa ta ce tana yarinya sukan hango su a kan hanyar rafi, a wurin da yanzu babu komai sai gonaki da gidajen bulo.

Abin ya tsaya mini a rai. Harshenmu cike yake da namun daji: muna kiran babban mutum toron giwa, muna ce wa zaki manyan dawa, muna yi wa ɓauna kirari da saniyar sake, kura kuwa babu tatsuniyar da ba ta leƙa ba. Amma mu da 'ya'yanmu mun zama kamar wanda ya gaji takardar gona bai san inda gonar take ba. Wannan ne ya sa da muka tafi gida Azare hutun ƙaramar Sallah, na yanke kwana biyu daga cikin kwanakin ziyarar dangi na kwashi iyali muka nufi Yankari, kuma abin da na gano a can ne ya sa nake ganin cewa zuwa kallon namun daji ya wuce shaƙatawa, ya zama wani nauyi da ya rataya a wuyan mu 'yan Arewa mazauna Legas fiye da yadda muke zato.

Duk shekara dubbanmu muna tasowa daga Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, mu bi ta Ibadan da Akure da Okene, mu tsallake kogin Kwara a Lakwaja, mu wuce Abuja da Akwanga mu hau tsaunukan Jos, mu gangara Bauci, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Wanda ya yi wannan doguwar tafiya, abin da ya rage masa zuwa Yankari bai taka kara ya karya ba. Daga garin Bauci za ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama, ka bi ta cikin ƙaramar hukumar Alkaleri har ƙofar gandun da ke ƙauyen Mainamaji, daga nan kuma akwai wajen kilomita 40 a cikin dajin kansa kafin ka isa masaukin Wikki. Tafiyar awa biyu ce da 'yan kai, wato ƙasa da abin da cunkoson Apapa yake cinye wa mutum a yammaci guda. A 'yan shekarun nan ma Allah ya haɗa mana abu biyu, domin ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta bushe, ganye ya kakkaɓe, ruwan tafkuna ya janye, dabbobi suka tattaro zuwa bakin kogin Gaji, wanda shi ne ruwan da ba ya ƙafewa a gandun.

An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauci a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma don mutumin Legas ya gane abin da wannan adadi yake nufi, ya haura rabin faɗin jihar Legas baki ɗaya. Wurin da makarantun yaranmu suke kai su kallon birai a Lekki, hekta 78 ne kacal, kuma a kan wannan ɗan fegi ake jera motoci ana sayen tikiti ranar Asabar. Ban faɗi haka don in rage wa Lekki daraja ba, waɗanda suka tsare wannan wuri daga masu gine-gine tun 1990 sun yi namijin ƙoƙari. Na faɗa ne don a ga bambanci tsakanin mai ɗan abu da ya san darajarsa da mai babban abu da ya mance da shi.

Waɗanda suka fara tarbarmu a Wikki gwaggon birai ne. Ban gama buɗe bayan mota ba sai wani ƙato ya taho a natse, ba gudu ba sanɗa, kamar mai karɓar haraji, ya fizge ledar cincin da dambun naman Sallah daga hannun uwargida, ya koma gindin wata bishiya ya zauna ya kwance ƙullin da yatsunsa, yana ci yana kallonmu. Wani ma'aikaci ya ce, “Hajiya, yi haƙuri, ai nan garinsu ne, a riƙa rufe ƙofa da taga.” A gefe guda kuma ga gadu nan sun durƙusa a kan gwiwoyinsu na gaba suna kiwo, idan wani abu ya firgita su sai su zura da gudu, wutsiya a tsaye ƙyam. Yaran da a Legas sai an yi da gaske ake raba su da waya, har muka baro wurin babu wanda ya nemi caja.

Da sassafe aka ɗebe mu a buɗaɗɗiyar mota tare da mai jagora, muka gangara wajen Gaji. Mun ga gwambaza suna tsaye a cikin fadama, mun ga mazo ya gilma, mun hango garken ɓauna sun yi baƙi ƙirin a cikin ƙura, ga tsuntsaye kala-kala waɗanda aka ƙidaya sama da iri 350 a gandun. Can sai mai jagora ya ƙwanƙwasa rufin mota, direba ya kashe inji, ya nuna mana da leɓe wata 'yar sarari tsakanin itatuwan marke. Su biyar ne. Babban cikinsu ya juyo ya zuba mana ido: jiki ja-ja mai toka-toka, fuska baƙa da fari kamar an yi mata zane, kunnuwa dogaye masu tukku a ƙarshe, ƙahoni sun lanƙwasa baya, ga geza a tsaye bisa wuya. Yaron nan ya kama hannuna ya matse, ya ce cikin raɗa, “Baba, shi ne?” Na ce shi ne. Bai fi minti ɗaya suka ba mu ba, suka juya suka shige.

Giwa kam ba mu gan ta ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba, domin masu tallar yawon buɗe ido sun cika yin alkawarin abin da ba a hannunsu yake ba. Abin da muka gani sawunta ne a cikin taɓo, kowane ɗaya kamar faifai, da kashinta ɗanye yana tururi, da rassan da ta kakkarya ta bar ɓawonsu a rataye. Zaki ma ko gurnaninsa ba mu ji ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce wajen 400 ba, kuma a Najeriya wuri biyu kawai aka tabbatar da su, Kainji da Yankari. Raƙumin dawa da kyarkeci, waɗanda a da suke cikin dajin, sun ƙare ƙaf. Raƙuman dawan da ake gani yau a Sumu, can wajen Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo su, kuma ko wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sunkuyar da kai, a ce ƙasar da ta raɗa wa dabba suna tun kaka da kakanni ita ce take karɓar kyautarta daga kudancin nahiya.

Da na dawo Legas na ba kawuna labari a rumfarsa ta kasuwar Mile 12, sai ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, “Ɗan nan, a wannan marra da mudun shinkafa ya gagari talaka, ka rasa abin da za ka ƙona wa mai sai kallon biri? Wannan ai aikin Nasara ne.” Na ce, “Kawu, Allah ya huci zuciyarka,” na yi shiru, domin ba a jayayya da babba a gaban yaran shagonsa. Amma maganar tasa ta cancanci amsa, saboda ita ce a zuciyar mafi yawanmu. Rabinta gaskiya ce: tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace tafiya ta zama lissafi, kuma ba na kira ga wanda bai biya kuɗin haya ba ya tafi kallon gwanki. Da waɗanda Allah ya hore wa nake, masu ɗinka wa iyali kala uku-uku na Sallah, masu canza waya duk shekara, da manyanmu na Ikoyi da Lekki da suke hawa jirgi zuwa Kenya da Afirka ta Kudu su ɗauko hotunan giwaye su liƙa a Instagram, alhali ba su taɓa taka Mainamaji ba.

Ɗaya rabin maganar, cewa aikin Nasara ne, shi ne nake ganin kuskure ne da ya yi mana tsada. Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Garuruwan Hausa suna da hurumi, kuma akwai Sarkin Dawa da Sarkin Baka waɗanda suka san lokacin da ake fita farauta da lokacin da ake barin dawa ta huta. A Musulunci ma akwai hima, wato filin da shugaba yake keɓewa, kuma malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin da Bature ya kawo shi ne tikiti da ɗakin kwana da motar zagayawa. Mu kuma da muka ga shi ne yake zuwa, sai muka sallama masa dajin, muka ɗauka cewa namu shi ne mu yi masa girki mu ɗaukar masa jaka.

To, Baturen ya daina zuwa, kuma babu alamar zai dawo nan kusa. Mu dubi maƙwabta. A yankin Kure da ke kusa da Yamai a Nijar, raƙuman dawa sun ragu har suka koma wajen 50 a 1996, amma da aka haɗa kai da mutanen ƙauyuka, aka mai da 'ya'yansu masu jagora, aka sa wani kaso na amfanin ya riƙa komawa gare su, sai adadin ya haura 600, suna kiwo a tsakanin gonakin gero da wake. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida a wurin tare da direbansu da mai yi musu jagora, kuma daga ranar ƙafar baƙi ta ɗauke. A gandun Pendjari na arewacin Benin, wanda a da wasu 'yan Legas suke zuwa ta mota, an sace Faransawa biyu a watan Mayun 2019 aka kashe mai jagoransu. Hari guda ya isa ya sa ofisoshin jakadanci su shafa wa yanki jan fenti a taswira, su hana mutanensu zuwa na tsawon shekaru. Duk gandun da ya dogara da baƙon waje, ya rataya rayuwarsa ne a kan zaren da bindiga ɗaya za ta tsinke. Ɗan ƙasa kuwa, wanda dole ne ya bi hanyar Bauci ko da Yankari ko babu, shi ne abokin cinikin da ba ya gudu.

Abin da ke faruwa da dajin da aka daina zuwa, mun riga mun gani da idonmu. Sambisa gandun namun daji ne tun zamanin Turawa, amma yau idan aka ambaci sunan babu wanda giwa take faɗo wa a rai. Kamuku a Birnin Gwari yana cikin jerin gandayen tarayya, sai dai wa zai ɗauki 'ya'yansa ya nufi can? Falgore da ke kan hanyar Kano zuwa Jos ya daɗe yana sa direbobi karanta duk addu'ar da suka haddace. Ba na cewa rashin 'yan kallo ne kaɗai ya jawo wannan, domin talauci da zalunci da yawon makamai duk suna da hannu. Amma tsarin lalacewar kusan iri ɗaya ne: baƙi su ragu, kuɗin shiga ya ragu, gwamnati ta ga wurin ya zama kaya, motar sintiri ta lalace a rasa mai gyarawa, hanyoyin cikin daji su cushe, masu gadi su koma zaman bakin ƙofa, sai maharba su fara shiga, masu gawayi da masu katako su biyo baya, daga ƙarshe masu manyan bindigogi su tarar da gida a share. An riga an sha jin labarin hare-hare a wasu ƙauyukan Alkaleri, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Abin da ya riƙe Yankari zuwa yau shi ne masu gadin da suke kwana a daji da ƙafa, tare da tallafin ƙungiyar kare namun daji ta WCS, kuma daga cikinsu akwai waɗanda mafarauta suka kashe a bakin aiki. Ba na jin mutum zai ci gaba da sa ransa a kan abin da 'yan ƙasarsa ba su damu su zo su gani ba.

Akwai wanda ya fi kawuna hujja, shi ne manomin da gonarsa take bakin gandu. Garken giwaye yana iya shafe gonar masara ko dawa a dare ɗaya, abincin shekara na gida guda, kuma mutumin da ya wayi gari ya tarar da haka, idan ka ce masa giwa dukiyar ƙasa ce, zagi ne. Haka makiyayin da gonaki suka cinye masa burtali, rani ya yi tsanani, yana hango ɗanyar ciyawa a bakin Gaji an ce masa haramun ce. Idan kuɗin ƙofa yana tafiya Bauci, ɓarnar kuma tana tsayawa a ƙauye, to an koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma babu yawan masu gadin da zai tsare dajin da maƙwabtansa suke jin haushinsa. A ra'ayina wajibi ne a yanka wani sanannen kaso na kuɗin shiga, a rubuce kuma a bayyane, ya koma ga ƙauyukan da ke kewaye, a biya diyyar ɓarnar giwa a kan kari kafin damina ta zagayo, a kuma fifita 'ya'yan wurin wajen ɗaukar masu gadi da masu jagora, domin ɗan maharbi ya fi kowa sanin sawu. Mu masu zuwa ma muna da namu: mu sayi zuma da gyaɗa da rake a Dindima da Mainamaji maimakon mu ciko mota da kayan kanti daga birni, don mai tebur a bakin hanya ya san cewa giwar nan tana kawo masa wani abu ban da asara.

Sauran abin da ake buƙata daga hukuma ba sabon gini ba ne, domin mun saba da gwamnatocin da suke son abin da za a yanka wa zare a ɗauki hoto. Albashin mai gadi a kan lokaci, takalmi da man sintiri, lambar waya da za a kira daga Legas a kama ɗaki a kuma tarar da shi, farashi a rubuce wanda bai canzawa da ganin motar mutum. Sannan a tuna cewa baƙon yanzu iyali ne na Hausa da Fulani da sauran 'yan ƙasa. Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi, ɗuminsa yana nan a ma'auni 31 dare da rana, rani da damina, kuma iyalai irin namu za su fi sakewa da shi idan mata suna da nasu lokacin na daban. A wannan ƙaramar hukuma ta Alkaleri ne aka ƙaddamar da haƙar man Kolmani a 2022, da taro da jawabai, kuma ina fata a ce ko kashi ɗaya cikin goma na wannan zumuɗi an nuna shi a kan dajin da ya riga ya shekara sittin yana karɓar baƙi.

Batun tsaron hanya ba abin wasa ba ne, kuma ba zan ce wa kowa ya rufe ido ya taka mota ba. A yi tafiyar rana, a kwana a Abuja ko Jos, a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin a tashi, domin sun fi rediyo saurin labari. Wanda yake da hali ya sauka a filin jirgin sama na Bauci ya ɗauki shatar mota. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce a tafi a ƙungiyance, tun da kusan kowane gari na Arewa yana da ƙungiyar 'ya'yansa a Legas, masu tara kuɗi don biki da rasuwa da kai gawa gida, kuma makarantun Islamiyyarmu na Agege da Idi-Araba suna da iyayen yara da za su iya haɗa kuɗin bas guda.

Na kawo wannan shawara a taron ƙungiyarmu na watan jiya, aka yi ta muhawara har aka kira la'asar. Wasu sun ce kwanakin Sallah na dangi ne, wasu sun ce sai an ga yadda kuɗin mai zai kasance, ma'aji kuma ya ce asusun ƙungiya ba na kallon biri ba ne, kowa ya biya wa kansa. A ƙarshe magidanta tara suka rubuta suna, muka tsayar da kwana na huɗu bayan Sallah, za a haɗu a Bauci a ɗauki bas biyu. Kawu bai rubuta nasa ba, amma da zan fita ya kira ni gefe ya tambaye ni ko akwai masallaci a wurin, da kuma ko gaskiya ne ruwan yana sauƙaƙa ciwon gwiwa. Na ce masa wurin salla ba zai gagara ba, batun gwiwa kuwa sai ya shiga da kansa. Ya ce in bar masa kujerar gaba, kusa da direba.